Teburin Karɓa-Karɓa a Ofis: Dalilin da Ya Sa Masu Aikin Fita Suke Samun Mafi Lalacewa

A ofisoshi da yawa na Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostareliya, an daina ware wa kowane ma'aikaci teburinsa na kansa. Ana jera tebura a babban zaure, adadinsu bai kai na ma'aikata ba, duk wanda ya iso ya zauna inda ya samu wuri, idan an tashi ya kwashe komatsansa ya zuba a jaka ko a loka, washegari wani ya gaje wurin. An kawo wannan tsari na karɓa-karɓa ne da sunan ma'aikatan da aikinsu na fita ne, irin su masu binciken kuɗi da ke wuni a kamfanonin da suke bincika, da injiniyoyin da ke zagaya wuraren gini, da ma'aikatan jinya masu bin marasa lafiya har gida, da jami'an walwalar jama'a masu ziyartar iyalai. An ce tunda ba sa zama, babu dalilin biyan hayar teburin da zai wuni babu kowa a kansa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai abin da ya faru a aikace shi ne, mutanen da aka kafa tsarin dominsu su ne suke samun tebur mafi lalacewa, wani lokaci ma su rasa shi ɗungurungum.

Ya kamata a fara da kallon teburin kansa, yadda wanda ya dawo daga aikin waje da hantsi yake tarar da shi. Wuraren da ke kusa da taga da waɗanda ke lungu nesa da hayaniya sun cika tun da sassafe. Abin da ya rage shi ne na bakin ƙofa, ko na kusa da na'urar buga takardu, ko wanda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa kai tsaye. Allon kwamfuta yana nan a kai, amma wayar da za ta haɗa shi da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi ɓatan dabo, domin jiya wani ya zare ta ya kai teburin da tasa ta mutu. Kujerar tana sauka da kanta a hankali idan an zauna, hannunta ɗaya ya karye, tsakanin madannai akwai burbushin abincin wani, a saman teburin kuma ga shaidar gindin kofin shayi ta bushe. Kafin ya samo waya, ya canza kujera, ya goge tebur, ya daidaita tsayin allo, ya gano inda abokan aikinsa suka zauna yau, wani yanki na lokacin da ya ware domin rubuta rahoto ya riga ya tafi. Gobe ma haka zai sake yi tun daga farko, a wani teburin mai nasa lahanin.

Masu kamfanoni da hukumomi ba don mugunta suka rungumi tsarin ba, kuma adalci ne a faɗi hujjarsu yadda take. Bayan albashi, gini yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi a ma'aikatar da aikinta na ofis ne, idan aka haɗa haya da wuta da ɗumama ɗakuna lokacin hunturu da masu shara da masu gadi. A birane irin su Landan da New York kowane murabba'in mita yana da tsadar gaske. Duk wanda ya zagaya ofis da rana tsaka kuma ya san tebura da yawa a wofi suke, domin wani yana hutu, wani yana taro, wani ba shi da lafiya, wani yana aiki daga gida. A watan Yulin 2023, ofishin da ke bin diddigin kashe kuɗin gwamnati a madadin majalisar dokokin Amurka ya bayyana cewa hukumomin tarayya 17 daga cikin 24 da ya duba suna amfani ne da kashi 25 cikin ɗari, ko ƙasa da haka, na abin da hedikwatocinsu za su iya ɗauka. Babu mai riƙon amanar dukiyar jama'a da zai ga irin wannan ya kawar da kai.

Matsalar tana farawa ne daga yadda ake yin lissafin. A ɗauka ma'aikata ce mai mutum 100, aka ƙirga aka ga idan an raba daidai mutum 55 ne ke zuwa kullum, sai aka ajiye tebura 60, aka mayar wa mai gini da sauran wurin. A takarda lissafin ya fita har da rara. Amma zuwan mutane ba ya rabuwa daidai a kan ranakun mako. Tun bayan annobar korona, a biranen Turai da Amurka ofis yana cika ne Talata da Laraba da Alhamis, Litinin da Juma'a kuma sai ka ga kamar an yi shara. Saboda haka ranar Laraba mutum 75 suna iya bayyana, ranar Juma'a kuma 30. Sannan a cikin teburan nan 60, idan shida suna da matsalar allo ko kujera ko soket, masu amfani 54 ne kawai. A tsohon tsari, lalacewar tebur ɗaya damuwar mutum ɗaya ce, kuma yakan tsaya kai da fata sai an gyara masa. A sabon tsari, teburin da ya lalace yana rage wa kowa wuri, amma babu wanda yake ɗaukarsa a matsayin damuwarsa.

A ganina nan ne tushen lalacewar yake. Wanda ya zauna a kujerar da ta karye yana da zaɓi biyu: ko dai ya buɗe manhajar kai ƙorafi, ya nemo lambar teburin, ya rubuta bayani, ya jira amsa a kan kujerar da wataƙila ba zai sake zama a kanta ba har wata guda, ko kuwa ya tura ta gefe ya jawo ta kusa da shi. Kusan kowa na biyun zai zaɓa, kuma ba za a ga laifinsa ba, domin aiki yana jiransa. Lamarin ya yi kama da butar masallaci da ta huje, wadda duk wanda ya ɗauka ya ga tana yoyo zai ajiye ya ɗauki wata, ita kuma ta ci gaba da zama a cikin jeri ana ƙirga ta. Ko da an kai ƙorafin, sai a tarar alhakin a rarrabe yake. Tebur da kujera na sashen kula da gini ne, allo da wayoyi na sashen kwamfuta ne, shara kuma an bayar da ita kwangila ga wani kamfani na waje, wanda sau da yawa aikinsa ya tsaya ga share ƙasa da kwashe kwandon shara da goge saman tebur, bai kai ga madannai da linzamin kwamfuta ba. Kowane sashe yana iya rantsuwa ya yi nasa, alhali teburin a dunƙule ba ya aikatuwa.

Abin takaici shi ne an san wannan tun tuni. Kamfanin IBM ya gwada ofis marar tebur na dindindin a kan ƙaramin rukunin injiniyoyi tun farkon shekarun 1970, kuma a farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin binciken kuɗi da ba da shawara suka ɗauki salon kama tebur tun kafin a zo, yadda ake kama ɗaki a otal. Gwajin da ya fi yin suna shi ne na kamfanin tallace-tallace na Chiat/Day a 1994. Mai kamfanin, Jay Chiat, ya kwashe teburan ma'aikatansa a ofisoshin Los Anjalas da New York, ya ba kowa ƙaramar loka, ya ce duk safiya mutum ya je ya karɓi aron kwamfuta da wayar tarho, da yamma ya mayar. Kayan ba su isa ba. Wasu suka riƙa yin sammako su karɓi kwamfuta su ɓoye ta, sannan su koma su ƙarasa barcinsu. Wasu suka mayar da but ɗin motarsu ma'ajiyar fayil, suna kai-komo tsakanin ofis da wurin ajiye motoci. Masu ƙarfi a kamfanin kuwa mamaye ɗakunan taro suka yi, suka hana kowa shiga. Kamfanin ya haɗe da wani kamfanin tallace-tallace mai suna TBWA a 1995, kuma a 1998 da aka koma sabon gini a Los Anjalas, kowa ya sake samun wurin zamansa.

A kusan lokaci guda, a garin Tilburg na ƙasar Holan, kamfanin inshora na Interpolis ya shiga sabuwar hedikwatarsa a 1996 da tsarin da shi ma babu tebur na dindindin a cikinsa, bisa shawarar Erik Veldhoen, masanin tsara wuraren aiki, kuma har yau ana kafa misali da shi a matsayin wanda ya yi nasara. A can an gina wurare iri-iri gwargwadon aikin da mutum zai yi, akwai ƙananan ɗakuna masu ƙofa domin aikin da ke buƙatar natsuwa, akwai wuraren ganawa, akwai manyan tebura na aikin haɗin gwiwa, an kuma kashe kuɗi a kan kayan aiki da mayar da takardu cikin kwamfuta. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwaikwayi tsarin daga baya sun ɗauki ɓangaren da ke rage kuɗi ne, wato kwashe tebura, suka bar ɓangaren da ke cin kuɗi.

Dalilin da ya sa nauyin yake faɗawa kan masu aikin fita ya fito fili a wani bincike da Alison Hirst ta wallafa a 2011, bayan ta daɗe tana lura da ma'aikatan wata ƙaramar hukuma a Birtaniya da suka koma wannan tsari. Ta ga ma'aikatan sun rabu gida biyu. Akwai masu zuwa da wuri kullum, waɗanda suke zama a tebur ɗaya har ya zama kamar nasu, kowa ya san wurin wane ne, babu mai taɓawa. Akwai kuma masu isowa a makare, waɗanda suke gararamba daga wannan hawa zuwa wancan suna neman wuri, su ƙare a tsakiyar mutanen da ba su sani ba. Rukuni na biyun ba malalata ba ne. Wanda ya fara da ziyarar aiki kafin ya shigo ofis, da uwar da sai ta kai yara makaranta, da mai aikin rabin wuni, duk a nan suke faɗawa. Ke nan tsarin da aka ce zai daidaita kowa ya ba mai zama kullum tebur na dindindin a fakaice, ya bar wa mai yawo ragowa. Wani binciken da Rachel Morrison da Keith Macky suka wallafa a 2017, a kan ma'aikata 1,000 a Ostareliya, ya nuna cewa gwargwadon yadda ake tarayya a wurin aiki, gwargwadon yadda rashin yarda da juna da ɗauke hankali da rashin haɗin kai suke ƙaruwa, alhali zumuncin da aka yi alkawari bai ƙaru ba.

An yi ƙoƙarin magance wannan da manhajar kama tebur, amma ita ma ta zo da nata. Mai zama kullum ya san jadawalinsa, saboda haka da zarar an buɗe yakan kama mako guda cur. Wasu suna kamawa don gudun ko-ta-kwana, kuma ba sa zuwa, sai manhaja ta nuna ofis ya cika alhali ido yana ganin tebura a wofi. Ma'aikaciyar jinya da ba ta san ko ziyararta za ta ƙare da ƙarfe goma ko ƙarfe ɗaya ba, ba ta da yadda za ta yi gogayya da su.

Akwai kuma batun lafiyar jiki, wanda doka ba ta yi shiru a kansa ba. A Birtaniya, ƙa'idojin 1992 game da aiki da allon kwamfuta, waɗanda suka samo asali daga wani umarni na ƙungiyar ƙasashen Turai na 1990, sun wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya tantance wurin zaman duk wanda ke aiki da kwamfuta a kai a kai, kuma hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta fayyace cewa masu sauya tebur suna ciki. Ana so saman allo ya yi daidai da ido, kujera ta tallafi ƙugu, damtse ya sauka a sake, ƙafa ta taka ƙasa sosai. Mai tebur na dindindin sau ɗaya yake daidaita waɗannan. Mai sauya tebur sai ya yi kullum, kuma wanda zai zauna na awa biyu kawai ba kasafai yake ɓata lokaci a kai ba, musamman idan maƙallin allon ya ƙi motsi. Sai ya sunkuya a kan ƙaramar kwamfutarsa, ciwon wuya da na baya su biyo baya sannu a hankali. Abin ya fi tsanani ga mai buƙata ta musamman, kamar mai ciwon baya da likita ya rubuta wa kujera ta daban, ko mai raunin gani da ke buƙatar babban allo. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta a yi wa masu naƙasa gyaran da ya dace, kuma ware musu tebur yana iya shiga ciki, amma a zauren da kowa yake jawo abin da ya samu, kujerar da aka saya domin mutum ɗaya takan yi ƙaura zuwa wani hawa idan ya kwana biyu bai zo ba. Ta fuskar tsafta, ƙungiyar kare masu sayayya ta Which? ta gwada allunan madannai 33 a ofishinta na Landan a 2008, ta samu huɗu da ƙwayoyin cutar da ke kansu suka kai matsayin barazana ga lafiya. Idan hannaye da yawa suna bi ta kan madannai ɗaya, kuma babu wanda aka ɗora wa gogewa, ba sai an yi dogon bayani ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne halin jami'an walwalar jama'a masu kare yara a Ingila, domin a nan asarar ta wuce ciwon baya. Ƙananan hukumomi da yawa, musamman bayan tsuke bakin aljihun da aka fara a 2010, sun sayar da gine-gine ko sun rage su, suka mayar da waɗannan jami'ai kan teburin karɓa-karɓa, da hujjar cewa ai a waje suke wuni. Amma jami'ar da ta fito daga gidan da ta ga alamun ana cutar da yaro tana buƙatar abubuwa biyu nan take. Tana buƙatar wurin da za ta kira makaranta ko 'yan sanda ko asibiti ta ambaci sunan yaro ba tare da ma'aikacin sashen haraji da ke kusa da ita ya ji ba, kuma tana buƙatar abokan aikin da suka san iyalin, waɗanda za ta ce musu ga abin da na gani, su taya ta auna shi kafin ta yanke shawara. Idan ta rasa duka biyun, motarta ce take zama ofishinta, a nan take yin waya, a nan take rubutu da kwamfuta a kan cinya. Farfesa Eileen Munro, wadda ta jagoranci bitar tsarin kare yara a Ingila da aka kammala a 2011, tana cikin waɗanda suka fito fili suka soki wannan tsari a aikin walwala, saboda yana raba jami'i da tallafin abokan aikinsa. Sabon ɗauka ma yana yin hasara, domin yawancin wannan aiki ana koyonsa ne ta hanyar zama kusa da gogagge, kana jin yadda yake lallashin uban da ya fusata a waya.

Bayan korona, lamarin ya ƙara dagulewa ta wata fuska, domin an rage tebura lokacin da mutane suke gida, sannan aka umarce su da su dawo. A watan Afrilun 2022, minista Jacob Rees-Mogg ya riƙa ajiye takarda a kan teburan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya da bai tarar a ofis ba, yana nuna yana sa ran ganinsu. A watan Mayu na shekarar sai rahotanni suka fito cewa ma'aikatan ma'aikatar ilimi suna aiki a baranda da ɗakin cin abinci, domin kusan mutum biyu ne ga kowane tebur. A Fabrairun 2023 sashen Google Cloud ya nemi ma'aikatansa a manyan ofisoshinsa biyar na Amurka su yi tarayya a tebur, ɗaya ya zo Litinin da Laraba, ɗayan Talata da Alhamis, wanda aƙalla ya rage masu tebur zuwa mutum biyu da suka san juna. Amazon kuwa, da shugabansa Andy Jassy ya sanar a Satumbar 2024 cewa za a koma ofis kwana biyar a mako daga Janairun 2025, ya haɗa da cewa za a dawo da tebur na dindindin a hedikwatocinsa na Amurka, duk da haka sai da aka ɗage komawar a wasu birane saboda wuri bai isa ba.

Abin da ya sa gyara yake wuya shi ne riba da hasarar ba a littafi ɗaya ake rubuta su ba. Kuɗin hayar da aka rage yana fitowa sarai a rahoton shekara, kuma akwai wanda za a yaba wa. Lokacin da ma'aikaci ya ɓata ba ya fitowa a ko'ina. Idan mutum yana rasa minti 15 kullum wajen neman wuri da haɗa kaya da kwashe su, a kwanakin aiki 220 ya rasa awa 55, wato fiye da aikin mako guda, kuma albashinsa ya ninka kuɗin teburinsa nesa ba kusa ba. Ma'aikatar da ta ga ba makawa sai ta yi tsarin, wajibi ne ta ƙirga tebura da ranar da ofis ya fi cika, ta cire waɗanda suka lalace daga lissafi, ta sa kayan kowane tebur su zama iri ɗaya yadda babu mai buƙatar zare wayar wani. Ya kamata a ware wa kowane rukunin aiki yankinsa, ko da teburan cikinsa na tarayya ne, domin mutane takwas da suka san juna suna kula da wurinsu fiye da mutum ɗari biyu da ba su san sunan juna ba. Ana kuma buƙatar mutum ɗaya sananne da zai zagaya kowace safiya, ya zauna a kujera, ya kunna allo, ya duba soket, kuma yana da ikon sa a gyara ba tare da ya bi ta sassa uku ba. Su kuwa masu aikin fita, a keɓe musu jerin tebura masu kyau da ɗaki mai ƙofa domin yin waya, waɗanda masu zama kullum ba su da damar kamawa a manhaja ko su ajiye jaka a kai tun da safe.